Tsakanin Turke da Turke

Shagona a Aboabo bai fi shimfiɗar tabarma uku ba,
bango ɗaya da mai gyaran fanka, ɗaya da mai aski.
Shekara goma sha ɗaya ina kafa turke a jikin lokaci:
nan hoto zai tashi, can zai tsaya,
abin da ke tsakani kwamfuta ta cike.
Ɗigo bayan ɗigo, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa,
har kafaɗata ta dama ta riga ta hagu tsufa.

Bana Nuhu, ɗan ƙanwata, ya sa mini wakili a cikin na'ura.
Ba ya shan koko, ba ya fita la'asar.
Ka rubuta masa: shigo da sunan ta hagu,
a hankali, ya huta daƙiƙa biyu.
Kafin ka kai kofi baki
ya kafa turke arba'in, ya sassauta musu gudu,
aikin da kan kai ni kiran asalatu.

Daren Laraba, ruwan Kumasi na dukan kwano,
Hajiya Barikisu mai wake da shinkafa ta shigo
da hoto uku ƙulle a bakin mayafi
da muryarta a waya, minti huɗu.
Jibi sadakar arba'in ta Alhaji Tahiru,
'ya'yansa na Turai suna so su gani.
"Ka sa shi ya motsa," in ji ta, "amma ban da magana.
Da ransa ma bai cika yin ta ba."

Na miƙa wa wakili hotunan da muryar.
Ya ja ido daga rumfar goro ta Kejetiya
zuwa hula, zuwa fuska,
sumul, kamar man kaɗanya a tafin hannu.
Inda muryar Hajiya ta sarƙe,
ta ce "shi ke sauke mini tukunya," ta yi shiru,
ni da na sa almakashi na datse shirun.
Shi ya bar shi. Ya tsayar da hoton cak,
daƙiƙa biyar, har ta ja numfashi.
Na duba bayanin da ya bari:
magana ta tsaya, motsi ya jira.
Na ji 'yar kunya. Na tashi na rufe taga.

Sai dai fuska yake bi, kullum fuska.
Bai san hannun hagun Alhaji ba,
da yatsan da ƙofar mota ta cinye a hanyar Tafo,
hannun da ya tallafi na dama wajen ƙirga mini sidi ɗari uku
ranar da na ce ina son kyamara,
bai kuwa tambayi ranar biya ba.
Yana can ƙasan hoto na biyu, bisa kwandon goro,
rabinsa a inuwa.

Ina iya rubuta masa: sauka zuwa hannun.
Da ya sauka, da ma ya fi ni iyawa.
Na dai jawo kujera,
na kafa turke ɗaya a hula, ɗaya a yatsu huɗun,
ina matsarwa, gaba kaɗan, baya kaɗan,
har wuta ta ɗauke, batir ya riƙe ni,
har mai aski da ke kwana a shagonsa ya daina tari.
Saukar ba ta yi santsi ba.
Akwai ɗan tuntuɓe a tsakiya, daidai aljihun riga.

Da safe wakili ya tambaye ni cikin ladabi
ko ya gyara tuntuɓen.
Hajiya ta aiko yarinya da ƙunshin ganye mai tururi,
ƙwai biyu da yaji a gefe.
Ina ci da dama, hagu na kan madannai,
tambayar na nan a allo tana ƙifta ido.