Kiran Orpha

A Kentucky, inda tsaunuka biyu suka matse rafi,
kwarin da aka haife ni, holler muke ce masa.
Ihun da kakata Orpha ke kwarmawa da almuru
don mu dawo cin abinci,
shi ma holler.
Kalma ɗaya, kaya biyu, kamar jaki da mangala.

Malamar ajinmu ta ce kuskure ne:
kwari daban, ihu daban, bakinmu ne ya cakuɗa su.
Wai ihun daga ƙetaren teku ya zo,
daga mafarauta masu kiran karnuka
da matafiyi a gaɓa yana neman mai fito: hola! hola!

Na kawo wa Orpha labari da zafinsa.
Ba ta ɗago daga ɓarar wake ba.
"Ita malamar,
ta taɓa kiran miji a bakin ramin kwal?"

Delmer ya shiga ramin wata Talata.
Ta kira shi har murya ta dushe,
kwarin yana ta mayar mata da sunan
guntu-guntu, ba mai shi.

Yau ina Cincinnati, hawa na tara.
Abokin aiki ya ce in yi masa holler in na samu sarari,
nufinsa in latsa waya.
Na ce to.

Da dare na buɗe taga, na gwada muryar Orpha.
Wani kare ya amsa daga nesa.
Bangon da ke gabana bai ce uffan ba.