Ƙugiya a Kan Harafi

Shekara ashirin da biyu ina gyaran rubutu
a wata maɗaba'a bayan Taminus.
Ni ne mai jan biro,
mai kamo ƙugiyar da ta zame daga kan harafi.
Na san aikinta, 'yar lanƙwasar nan:
ta mai da fada faɗa,
ta mai da bari ɓari.

Sai ga ni a Lamingo ranar Talata,
takarda a cinya,
Dakta Chundung na nuna mini da bakin alƙalami:
"Cikin littafin da ke jinin 'yarka
akwai wuraren da harafi ya sauya."
Na ce, kuskure ke nan?
Ta ce, "Kar ka ce kuskure. Bambanci.
Kuma ba guda ba ne, suna da dama, a warwatse,
kowanne da ɗan nauyinsa.
Ba su ke rufe ƙofar ba,
sun dai sa ta saurin bugawa in iska ta taso."

Yawu kawai suka karɓa watannin baya,
nawa, nata, na ƙanenta.
Rumasa'u ta yi ta dariya,
wai yau an ba ta izinin tofi a gaban manya.

Ni kuwa mahaifina na tuna.
Ya haƙi kuza a Bukuru har bayansa ya ranƙwafa,
da dare ƙirjinsa ya riƙa busa sarewa,
muna jin ta ta bango.
Aka ce ramin ne.
Aka ce sanyin Jos ne.
Gwaggo Ladi ta ce hannu aka sa masa,
har ta koma ga Allah ba ta gaida maƙwabcinmu ba.
Yanzu wa zan je in ba haƙuri?
Kabarinsu ma ba nisa da juna.

Sarewar ta tsallake ni.
Rabona atishawa ce, da borin jini in na ci ƙwai.
Ta bi ta cikina shiru kamar baƙon da bai yi sallama ba,
ta sauka a ƙirjin 'yar shekara tara.

Agusta, kwana uku ana yayyafi,
bango ya yi gumi, katifa ta ɗau wari.
Ƙarfe biyun dare tana zaune, kafaɗu sama,
tana jan iska kamar mai jan guga
da igiyar da ba ta kai ruwa ba.
Uwarta na girgiza abin shaƙa,
ni ina ƙirge,
ban san me nake ƙirgawa ba.

Mun ba da kyanwa.
Uwarta ta kife kaskon turare, ba ta ce komai ba.
Janareton maƙwabci ne ba mu da ikon bayarwa.

Ƙanenta yana ɗauke da wasu daga haruffan,
amma yana bin ƙwallo a Rikkos har a kira magariba,
ko tari babu.
Na tambayi likita dalili.
Ta rufe fayil, ta ce, "Shi muke nema."
Na ji daɗin da ba ta ƙirƙiro mini amsa ba.

Gado da gado,
rubutunsu ɗaya, murya ce ta raba su.
Ɗaya ta kwanta a kai kwana huɗu a bara,
ɗayan ni na miƙa mata
tun ban san kamanninta ba.

Jan birona yana aljihu.
Na taɓa shi sau biyu a cikin mota, bisa sabo.
Wannan shafin ba a kawo mini don gyara ba.

A Farar Gada ta ja mini hannun riga:
"Baba, me takardar ta ce?"
Na ce, ta ce ke jikar Inuwa ce.
Ta ce, "Ai na sani.
Saya mini masara."

Na tsaya ta bayan iska, na kare ta daga hayaƙin gawayi,
har aka gama gasawa.