Gida Talatin da Ɗaya

Ni ne mai karɓar susu a Aboabo.
Kafin ladan ya sauke hannu daga kunne
na riga na ɗaura jaka a ƙugu,
biro a aljihu, katuna a hannu.
Kowane kati gida talatin da ɗaya:
talatin na mai shi, ɗaya nawa.

Bara war haka
Hajiya Zuwera mai wake da shinkafa
sidi hamsin take miƙo mini ba ta ko duba,
ɗayan hannun yana zuba wa wani shito.
Yau sai ta kwance bakin zane,
ta ƙirga, ta mayar, ta sake ƙirgawa,
ta ce, "Rubuta goma, Issaka,
buhu ya tashi bai yi mini sallama ba."
Na rubuta goma.
Biro ba ya gardama.

Fuseini mai faci a bakin titin Asawase
gidajensa bakwai a jere babu komai,
kamar giɓi a bakin tsoho.
In ya hango ni sai ya sunkuya,
ya nutsa taya cikin ruwa
yana neman inda iska take zurarewa.
Na ce a raina:
duk Kumasi abin da muke nema ke nan.

Maame Adwoa mai gawayi
ita kaɗai katinta ya cika maƙil.
Tun da gas ya fi ƙarfin mutane
kowa ya dawo gindin kurfoti.
Ta yi dariya, ta miƙo kuɗi da baƙin tafi,
ta ce, "Faɗuwar wani..."
Ban ƙarasa mata ba.

Da dare in an ɗauke wuta
sai in buɗe nawa littafin a hasken waya.
Haya, mai gida yana son ta shekara biyu a dunƙule.
Kuɗin jarrabawar Sharifatu.
Maganin hawan jinin Inna, wannan ba a taɓa shi.
Turoturo zuwa Kejetiya ya ƙara sidi biyu,
na soke shi, ƙafa ba ta shan fetur.
Nama daga kullum ya koma Juma'a,
daga Juma'a ya koma labari.
Shayi da madara ya zama shayi.
Ankon bikin gidan maƙwabta
na ce wa Memuna ta sa na bara,
ta yi mini shirun da ya fi atamfar tsada.

Ga kuma jakar a gefen katifa,
cike da kuɗin mutane,
tana numfashi kamar kyanwa.
Ba zan ɓoye ba, na taɓa kallonta
kallon da mai azumi ke yi wa randa.
Dubu huɗu da ɗari biyu.
Da ta rufe bakin mai gida na ɗan lokaci.
Amma na san kowace takarda da ƙanshinta:
wannan manja, wannan toka,
wannan ta kwana a bakin zane.
Na tura ta ƙarƙashin matashi,
na ɗora kai a kan amana,
ba taushi, amma barci ya zo.

Sidi a hannu ƙanƙara ce a rana.
Mai ajiya yana asara,
marar ajiya ya fi shi.
Ran da na karɓi nawa gida ɗaya
ba na bari ya kwana:
gari, sabulu, gishiri, mai,
in kai wa Memuna tun farashi bai farka ba.
Abin da ya saura, in ya saura,
gwangwanin madarar da muka daina sha
shi ke riƙe mana shi.

Yau da safe na zo wucewa,
Fuseini bai sunkuya ba.
Ya goge hannu a wando,
ya zuba mini tsaba a tafi, da ɗumin aljihu,
sidi biyu cif.
Ya ce, "Rubuta."
Na tsallake gida bakwai,
na rubuta a na takwas.
Ya ce, "Waɗancan fa?"
Na ce, bar su a buɗe,
kati ma yana son taga.