Kuɗin Ganin Kuɗi

Teburina a Adum ƙafa uku ne da bulo ɗaya.
Shekara ashirin da shida a kansa
ina sayar da kuɗi da kuɗi:
anini mai huji a cibiya, taro, sisi,
sule mai bishiyar kwakwa da ya sha hannun 'yan goro,
fesuwar da yaran yanzu ba su taɓa riƙewa ba.

Baba Gariba ya koya mini a Aboabo.
Ya ce, saki a kan dutse, ka rufe ido.
Azurfa dogon numfashi gare ta,
dalma kuwa tari ɗaya take yi ta yi shiru.
Kunne ne ma'aunina, babban yatsa ne shaidata,
kuma ba a taɓa dawo mini da kaya ba.

Yanzu mai saye ba ya ko taɓawa.
Lamba nawa? Abin da yake tambaya ke nan.
Sai kwabo ya haye teku,
wani mai gilashi da ban san sunansa ba ya leƙa shi,
ya rufe shi a akwatin roba, ya manna masa maki
kamar ɗan makaranta.

Daren Talata saƙon Nii Ayikwei ya shigo daga Accra,
shi ke tara kayanmu ya aika.
Ya ce, Labaran, sun sake ƙarawa.
Bara dala ashirin da biyar, bana arba'in,
ban da jirgi, ban da inshora,
ga sidi kullum tana sauka kamar guga mai tsinkakkiyar igiya.
Na buga lissafi a bayan takardar kuɗin wuta.
Sisin da zan sayar ɗari uku,
ganinsa kawai ya haura ɗari bakwai.
Likkafani ya fi gawa tsada.

Talatin da ɗaya ne a gwangwanin madarata.
Na zube su a tabarma ina zaɓe
kamar uban da kuɗin makarantar ɗa ɗaya gare shi.
Wannan ya tafi, wannan ya jira.
Wannan, Allah ya ba ka haƙuri, nan za ka tsufa ba suna.

Na taɓa aika wanda na fi so,
sulen da Inna ta ɗaure a bakin zane har ta rasu.
Wata huɗu ya yi a can.
Ya dawo ba lamba, sai kalma biyu: an goge.
Ai na sani.
Ina yaro na gan ta tsugune da toka da lemun tsami,
tana cewa kuɗi ma ba ya son dauɗa.
Na biya kuɗin buhun shinkafa
don a gaya mini uwata mai tsafta ce.

Masu shago da fanka a sama ba ruwansu,
ɗari suke aikawa a tashi ɗaya, a yi musu ragi.
Mu na bakin titi, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Jiya Ticha Fosu ya zo, fanshonsa a aljihun gaba.
Kowane wata ɗaya yake saye, tun gashinsa baƙi.
Ya ce ɗansa ya ce duk wanda ba roba
tarkace ne, ba gado ba.
Ya zauna a bencina. Tirotiro na ta ihu zuwa Kejetia.
Mun daɗe ba magana.

Sai ya ce, ina dutsen nan naka?
Na jawo shi daga ƙarƙashin tebur.
Ya ɗauki sulen Inna, ya saki.
Ya rufe ido kafin ni.

Bai saya ba, ni ma ban yi tayi ba.
Ya ce, sake.