Allon Aji Biyar

Ni ke gadin firamare a Misau,
daga bayan lisha har kiran assalatu.
Tagar aji biyar ba ta da marfi.
Ta nan hasken tocilata ya faɗa kan allo
daren da Malama Dije ta tafi ba ta goge ba.

Ta zana rana a tsakiya, ƙatuwa kamar faifai,
zobba takwas sun kewaye ta,
a gefe ta rubuta: falaki.
Na haɗa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya
yadda aka koya mana a yaƙi da jahilci.
Uɗaridu na tsugune a gindin murhu,
Zuhura na bin sa,
sai mu, ɗan ɗigo, ƙwayar gero ta fi mu auki,
sai Mirrihi da aka shafa wa jan alli.
Mushtari ya ci wurin mutum huɗu.
Zuhalu ya sha ɗamara.
Biyun ƙarshe gwiwar hannun wani yaro ta share su,
har yau ban san sunansu ba.

Ƙarƙashin Zuhura, da ƙananan baƙaƙe:
ita ce Zara, ita ce Gamzaki.
Na zauna kan bencin yara.
Zarar da Inna Yelwa ke nuna mana da muciya in magariba ta yi,
da Gamzakin da ke sallama ta daga aiki,
shekara sittin ina gaishe su a mutum biyu.

Can ƙasa: husufi.
Muna yara, in wata ya yi ja,
gwangwani muke kaɗawa har murya ta dushe,
wai rana ta sake shi.
Allo ya ce duniya ce ke gittawa tsakaninsu,
inuwarta ce ke rufe shi.
Ban yarda ba.
Na ɗora tocila kan tebur,
lemo a hannun hagu, goruba a dama,
na zagayo da ita sannu ta bayan lemon.
Goruba ta shiga duhu.
Na yi dariya ni kaɗai har karen hedimasta ya amsa.
Ashe kan mai laifin muke tsaye
muna ta kaɗa gwangwani.

Saura batun karkata.
Wai duniya a jirkice take tafiya
kamar tulu kan gammon da bai naɗu ba,
wai jirkicewar ke raba mana bazara da damina,
kaka da dari.
Wannan ban iya gwadawa ba, batir ya fara mutuwa.
Abin da na sani,
in kaza da 'ya'yanta suka ɓuya a yamma
a kai fartanya maƙera,
dari kuwa gwiwata ta dama
tana riga kowane allo sani.

Duniyar na ajiye wa Malama kan teburinta.
Watan na gwagwiye shi kafin asuba.