An Ƙi, Ba a Tantance Ba

Ƙarfe biyun dare, ɗakin sanyi a bayan asibiti, Gombe.
Janareta na tari.
Ni ina bin kundin uwar garke layi-layi,
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

Tun bara na gargaɗe ta:
duk na'urar da ta zo ba shaida,
ta kasa faɗin sunan gidansu,
ki rufe ƙofa.
Ta rufe kuwa.
Masu tallan maganin ƙarya, masu albishir da gadon miliyoyi,
suka ƙwanƙwasa har suka gaji.
Na yi barci har da minshari.

Sai ga wannan layin. Talata, huɗu da minti bakwai.
Daga ɗakin gwajin jini na Kaltungo,
Ladi Maisamari zuwa ga Dakta Gidado.
An ƙi. Ba a tantance ba.

Ladi ta danna, ta ga ya tafi, ta hau acaɓa sai gida.
Dakta ya leƙa akwatinsa sau ba adadi,
ya ce mutanen Kaltungo ba su da alkawari.
Jauro Manu, gado na tara,
kwana shida yana ƙirga silin
yana jiran takardar da ta zo har bakin zaure
aka juya ta.

Ban ga laifin ƙofa ba,
abin da na koya mata ta yi.
Amma Baba Barau, mai gadinmu a Jekadafari,
in ya hana baƙo shiga ba ya haɗiye maganar.
Yakan ce, je ka zo da wanda ya san ka.
Sannan ya leƙa ciki:
Maigida, wani dogo ya zo, wai daga Kumo,
na mayar da shi.

Wannan ne na manta ban koya wa ƙarfe ba.

Daren nan na ƙara mata baki biyu.
Ɗaya ga mai aikawa:
saƙonka ya iso, ba mu gane gidan da ya fito ba,
ga lambarmu, kira.
Ɗaya ga mai jira:
an neme ka da ƙarfe kaza, ga suna,
mun tsayar da shi. In naka ne, yi magana.

Gobe za su yi ƙorafi, na sani,
akwati ya cika da labarin ɓarayin da aka kora.
Su yi.

Da aka idar da asuba na kira Ladi.
Ta ce, ai tun Talata na aiko.
Na ce, na gani.
Sake aikowa, ina tsaye a ƙofar.