Maratayi

Shekara talatin da ɗaya ina hawan Valparaíso da ƙafa,
matakala ɗari da sittin daga tashar jirgin ruwa zuwa ƙofata,
kyamara na dukan ƙirjina kamar zuciya ta biyu.
Igiyar da ta zo da ita baƙa ce, siririya,
ta ci wuyana sannu a hankali
yadda igiyar guga ke cin bakin rijiya.

Likita ya latsa ƙashin, ya ce, "Herminia,
ko ki ajiye ta, ko ki sauya mata mazauni."
In ajiye ta? To da wa zan fita da safe?

Shagon Don Eleuterio na gindin tudu,
tsakanin mai gyaran agogo da mai suyar kifi.
Warin jima, warin man takalmi,
kyanwa na barci kan keken ɗinki.
Bai tambayi nawa na zo da shi ba. Ya ce, "Juya."
Ya ɗage gashina da bayan almakashi,
ya ga kwarin da igiya ta haƙa,
ya ja tsaki.

Ya zube su kan tebur.
Ga mai faɗi, sunan kamfani rawaya ɓaro-ɓaro.
"Wannan kiran ɓarawo ne da lasifika," in ji shi.
Ga na roba, laushi kamar soso:
"Bari zafi ya shigo, ki ji ɗoyi."
Ga saƙar matuƙan jirgi, ta yi kyau a ido,
na rataya, ta mirgina kan jijiya, na cire.
Ga ɗan guntu na wuyan hannu.
Na ce hannun nan da shi nake kama ƙarfen matakala.

"Fata ba ta da laifi," ya ce.
"Wuya don kai aka yi shi,
kuma naki kan ya ishe shi kaya."

Ya ɗauko zare, ya gitta shi
daga kafaɗar hagu zuwa ƙugun dama,
ya sa ni ɗaga hannu kamar zan ɗauki hoto,
ya ƙulla a nan.
Faɗin yatsa uku a kafaɗa, yana sirancewa ƙasa,
gashin tunkiyar kudu a ciki,
zoben tagulla a naɗe kada ya karce ta.
"Alhamis."

Ran Alhamis na hau tudu
kyamara na kwance a ƙuguna kamar ɗan da ya ƙoshi.
Na wuce matuƙi yana shanya riga kan waya,
na wuce kare ya yi matashi da ƙafar ɗan sanda,
hazo ya haɗiye rabin jirgi ya bar rabi,
duk na gani, na ji daɗi, na wuce.
Sai a ƙofa na duba:
fim talatin da shida, ko ɗaya ban taɓa ba.

Ashe ciwon ne ke zungurina.
In igiya ta cije ni, sai in ɗaga don wuya ya huta,
tunda kuwa ta kai ido, sai in latsa.
Rabin abin da ke bangon ɗakina
ciwon wuya ne ya ɗauka.

Na koma na faɗa masa.
Dariya ta sa zare ya faɗo daga bakinsa.
"In ɗinka miki ƙaya a ciki? Kyauta ne."
Na ce a'a, bar shi.

Yanzu, da shekara sittin da uku,
ina koyon ɗagawa ba tare da an mintsine ni ba.
Jiya guda ɗaya na samu:
hannuwansa, da basilla, da wutsiyar kyanwar a gefe.

Tsohuwar igiyar tana nan.
Ita ke riƙe tagata in iskar teku ta taso,
ta fara cin katakon.